Allurar homon ɗin girma da aikin tayiroid: abin da ke sauyawa a jiki da gwajin da ya dace a yi

Homon ɗin girma, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da GH, magani ne da ake yi wa yara da manya allurarsa idan jikinsu ya gaza samar da shi gwargwadon buƙata. Mutane da yawa sun fara jin labarinsa ne ta dalilin Lionel Messi, wanda aka gano yana da ƙarancinsa tun yana yaro a birnin Rosario na Ajantina. Biyan kuɗin maganin na cikin abin da ƙungiyar Barcelona ta ɗauka lokacin da ya koma Sifaniya yana ɗan shekara 13. Abin da ba a cika ambata ba shi ne, duk wanda aka ɗora a kan wannan allura dole likita ya riƙa bin diddigin wata gaɓa ta daban da ke gaban wuyansa, wato tayiroid.

Dalili kuwa shi ne, allurar tana sauya yadda jiki ke sarrafa homon ɗin tayiroid. A wurin akasarin mutane sauyin ƙarami ne, kuma yakan daidaita da kansa. A wurin wasu kuwa yakan tono ƙarancin da ya daɗe a ɓoye. Idan ba a gano shi ba, yaro na iya daina ƙara tsawo duk da tsadar maganin da ake saya, babba kuma ya ci gaba da fama da kasalar da aka fara maganin dominta. Wani abin lura kuma, gwajin TSH da aka fi sabawa da shi ba ya nuna irin wannan ƙarancin.

Daga ina homon ɗin biyu ke fitowa

Homon sinadari ne da wata gaɓa ke zubawa cikin jini domin ya kai saƙo ga wata gaɓar. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ƙullutu da bai wuce girman ƙwayar wake ba, ana kiransa fituwitari. Shi ke samar da homon ɗin girma, wanda furotin ne mai ɗauke da amino asid 191. Ba ya fita bai ɗaya cikin yini, yana fitowa ne lokaci-lokaci, mafi yawansa cikin barci mai nauyi. Idan ya isa hanta sai ta samar da wani sinadari mai suna IGF-1, kuma ta hannun wannan sinadari ne yake yin kaso mai yawa na aikinsa a ƙashi da tsoka.

Tayiroid kuwa ƙullutu ne mai siffar malam-buɗe-littafi da ke kwance a gaban maƙogwaro, nauyinsa a jikin baligi kimanin giram 15 zuwa 25. Shi ne idan ya kumbura Hausawa ke cewa mutum yana da maƙoƙo. Yana amfani da sinadarin aidin wajen samar da homon iri biyu: T4 mai ƙwayar aidin huɗu, da T3 mai ƙwaya uku. Edward Kendall ne ya fara tace T4 a 1914 a Amurka, sannan Jack Gross da Rosalind Pitt-Rivers suka gano T3 a 1952 a Landan. Waɗannan homon su ke daidaita zafin jiki, bugun zuciya, saurin ƙona abinci da kuma bunƙasar ƙwaƙwalwa da ƙashin yara.

T4 ya fi yawa a jini, amma T3 ne mai aikin. Kusan kashi 80 cikin 100 na T3 ɗin da ke yawo a jiki ba daga tayiroid ya fito kai tsaye ba, an juyo shi ne daga T4 a hanta, ƙoda, tsoka da sauran sassa, inda wasu sinadarai da ake kira diyodines ke cire ƙwayar aidin guda. Idan aka cire ta ɗaya gefen sai a sami wani nau'i marar amfani da ake kira rT3. Fiye da kashi 99 cikin 100 na T4 yana ɗaure ne da furotin a cikin jini. Ɗan abin da ya rage shi ne sakakken T4, wanda takardar gwaji ke rubutawa fT4, kuma shi ne ke iya shiga ƙwayoyin halitta.

Mahaɗar gaɓoɓin biyu ita ce fituwitari, domin shi ne kuma ke samar da TSH, homon ɗin da ke umartar tayiroid ya yi aiki. Ke nan rauni ko ƙari a wannan ɗan wuri na iya taɓa su duka.

Taƙaitaccen tarihin maganin

A 1958 likita Maurice Raben na birnin Boston ya ba da rahoton wani matashi da ya ƙara tsawo bayan an yi masa allurar homon ɗin da aka tato daga fituwitarin gawarwaki. Da wannan hanya aka ci gaba har 1985, lokacin da aka gano cewa wasu daga cikin waɗanda suka karɓa sun kamu da cutar Creutzfeldt-Jakob, mai lalata ƙwaƙwalwa, wadda ba ta da magani. Aka dakatar da shi. A cikin wannan shekarar hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da wanda kamfanin Genentech ya haɗa a ɗakin gwaji mai suna Protropin, sannan Humatrope na kamfanin Eli Lilly ya biyo baya a 1987. A 1996 aka amince a riƙa bai wa manya masu ƙarancinsa a Amurka. Daga 2020 kuma an fara samun nau'o'in da ake yi sau ɗaya a mako maimakon kullum, irin su Sogroya, Skytrofa da Ngenla.

Bayan ƙarancin homon ɗin kansa, wanda ake ƙiyasta yana shafar yaro ɗaya cikin 4,000 zuwa 10,000, ana ba da shi ga 'yan mata masu lalurar Turner, yara masu lalurar Prader-Willi, masu ciwon ƙoda mai tsanani, da waɗanda aka haifa da ƙanƙantar jiki kuma ba su cim ma tsaransu ba.

Abin da allurar ke yi wa homon ɗin tayiroid

Sauyin da aka fi tabbatarwa yana faruwa ne a wajen tayiroid. Homon ɗin girma yana hanzarta juya T4 zuwa T3. Saboda haka bayan fara allura akan ga sakakken T4 ya ragu, T3 ya ƙaru, rT3 kuma ya sauka. Wani bincike da Jens Otto Jørgensen da abokan aikinsa suka wallafa a 1989 daga birnin Aarhus na Denmak ya nuna wannan a jikin manya masu ƙarancin homon ɗin girma, har da waɗanda T4 ɗinsu daga ƙwayar magani yake zuwa. Wannan ya nuna cewa sauyin ba daga ƙullutun wuya ya taso ba.

Sauyi na biyu yana faruwa a ƙwaƙwalwa. Idan homon ɗin girma da IGF-1 suka yawaita a jini, sashen ƙwaƙwalwa da ake kira haifotalamus yakan ƙara fitar da somatostatin, sinadarin da ke taka wa homon ɗin girma birki. Wannan birki yana kama TSH ma. Ƙaruwar T3 ita ma tana sa fituwitari ya ɗauka cewa homon ya wadata, sai ya rage umarni. Sakamakon shi ne TSH na iya ɗan sauka, musamman hauhawar da ya saba yi da dare.

Na uku ya shafi girman ƙullutun. IGF-1 yana taimakon TSH wajen haɓaka ƙwayoyin halittar tayiroid, don haka inda ya daɗe da yawa a jini tayiroid kan ƙara girma.

Ga mai lafiyayyen fituwitari, duk wannan ba ya zama cuta. Da zarar T4 ya fara sauka, fituwitari zai ƙara TSH, tayiroid ya cike gurbin. Shi ya sa a wurin yaran da ƙarancin homon ɗin girma kaɗai ke damunsu, kuma hoton ƙwaƙwalwarsu bai nuna wata matsala ba, sauyin kan tsaya cikin iyakar lafiya, ya kuma lafa bayan 'yan watanni.

Ƙarancin da allura ke tonowa

Lamarin ya bambanta ga wanda fituwitarinsa ya riga ya sami rauni. Rashin homon ɗin girma yana rage juya T4 zuwa T3, sai T4 ya taru a jini. Idan aka gwada shi a lokacin, adadin zai fito kamar lafiya lau, alhali tayiroid ba ya samun isasshen umarni. Ranar da aka fara allura, T4 ɗin da ya taru zai fara ƙarewa, raunanan fituwitari kuma ba zai iya ƙara TSH domin a maye gurbinsa ba. A nan ne ƙarancin ke bayyana. Likitoci na kiransa ƙarancin tayiroid na tsakiya, domin tushensa yana ƙwaƙwalwa, ƙullutun wuya kuwa lafiyarsa ƙalau.

Alƙaluma sun nuna cewa abin ba ƙarami ba ne. A wani bincike da aka wallafa a 2007 daga Landan, Amar Agha da abokan aikinsa sun bibiyi manya 243 masu cutar fituwitari da aka ɗora a kan allurar. Cikin 84 da gwajin farko ya nuna tayiroid ɗinsu lafiya, 30 sun koma suna buƙatar magani, wato kashi 36 cikin 100. Cikin 159 da dama suke shan magani, kashi 16 cikin 100 sai da aka ƙara musu adadi. Wani binciken da aka yi a Milan na Italiya, wanda aka wallafa a 2002, ya sami kashi 47 cikin 100 a rukunin da aka ɗauka lafiyayyu. Akasarin sauyin yana bayyana ne cikin watanni shida na farko.

Alamomin sun haɗa da kasala, yawan jin sanyi, taurin bayan gida, bushewar fata, zubar gashi, ƙaruwar nauyi, nauyin tunani da raguwar bugun zuciya. Da yawa daga cikinsu sun yi kama da na ƙarancin homon ɗin girma, shi ya sa ake saurin ɗauka cewa allurar ce ba ta aiki. A wurin yara babbar alama ita ce tsawo. Yaro mai ƙarancin homon ɗin girma sau da yawa yakan ƙara santimita 8 zuwa 12 a shekarar farko ta magani. Idan hakan bai samu ba, tayiroid na cikin abubuwan farko da ake dubawa kafin a yi tunanin ƙara adadin allura.

Me ya sa gwajin TSH kaɗai ba ya wadatarwa

A yawancin cututtukan tayiroid matsalar tana cikin ƙullutun wuya. Idan ya gaza, fituwitari kan ɗaga murya, TSH ya haura iyakar da aka saba, wadda a ɗakunan gwaji da yawa take tsakanin 0.4 da 4.0 a ma'aunin mU/L. Don haka ne ake fara tantancewa da shi, kuma sau da yawa shi kaɗai ake aunawa.

A ƙarancin na tsakiya, mai ɗaga muryar ne ba shi da lafiya. TSH na iya fitowa ƙasa, ko daidai, ko ma ya ɗan haura kaɗan, alhali jiki na cikin ƙaranci. Takardar gwaji mai nuna TSH daidai ba ta wanke irin wannan majinyaci ba. Abin dogaro shi ne sakakken T4. Auna T3 ma ba ya warware matsalar, tunda allurar kanta tana ɗaga shi. Haka kuma bayan an fara magani, da sakakken T4 ake daidaita adadi.

Akwai abin da ke rikita sakamako ko da an zaɓi gwajin da ya dace. Ƙwayoyin biyotin da ake sha domin gashi da farce suna ɓata sakamakon wasu na'urorin gwaji, don haka ya wajaba a sanar da likita idan ana shan su. Mai shan maganin tayiroid kuma ana so a ɗebi jininsa kafin ya sha na ranar.

Waɗanda suka fi fuskantar haɗari

A sahun gaba akwai masu ƙari a fituwitari ko kusa da shi, waɗanda aka yi wa tiyata a wurin, waɗanda aka yi wa gashin kai da hasken radiyeshan saboda cutar daji, da waɗanda suka sami mummunan bugu a ka. Duk wanda ya rasa homon ɗin fituwitari fiye da ɗaya, haɗarinsa ya fi na wanda ya rasa guda.

Akwai kuma lalurar Sheehan, wadda likitan Birtaniya Harold Sheehan ya bayyana a 1937. Tana samun mace ne idan ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa har fituwitarinta ya rasa jini ya lalace. Alamunta na farko su ne rashin zuwan ruwan nono da ɗaukewar al'ada, sauran kuma na iya ɗaukar shekaru kafin su bayyana. Ta yi ƙaranci a ƙasashen da haihuwa a asibiti ta zama ruwan dare, amma har yanzu ana ganinta a inda mata da yawa ke haihuwa a gida nesa da wurin ƙarin jini, kamar yankunan karkara na arewacin Najeriya da Nijar. Homon ɗin girma na cikin waɗanda ake fara rasawa, TSH ma yakan biyo baya.

'Yan mata masu lalurar Turner, wadda ke shafar kimanin mace ɗaya cikin 2,000 zuwa 2,500 da aka haifa, nasu lamarin daban ne. Sun fi sauran mata saurin kamuwa da cutar Hashimoto, inda garkuwar jiki ke afka wa tayiroid. A wurinsu TSH yana hauhawa yadda aka saba, kuma cutar ba daga allura take ba, amma tana iya dakushe amfaninta. Saboda haka ake gwada su duk shekara.

Yadda tayiroid ke shafar homon ɗin girma

Alaƙar ba ta gefe ɗaya ba ce, domin homon ɗin biyu tamkar jini da hanta suke wajen girman yaro. Fituwitari yana buƙatar homon ɗin tayiroid kafin ya fitar da homon ɗin girma yadda ya kamata, haka ma guringuntsin da ke ƙarshen dogayen ƙasusuwa, inda tsawo ke fitowa. Yaro mai ƙarancin tayiroid yakan gajarta, ƙashinsa ya yi jinkirin nuna, kuma idan aka yi masa gwajin homon ɗin girma zai iya fitowa kamar ba shi da shi. Da an gyara tayiroid sai sakamakon ya dawo daidai. Wannan ne ya sa ƙa'ida ta tanadi a tabbatar da lafiyar tayiroid kafin a yi gwajin homon ɗin girma.

Batun na da muhimmanci a inda tsumburewa ta yawaita. Mafi yawan gajartar yara a irin waɗannan wurare daga ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan rashin lafiya take. A jikin yaro mai tamowa homon ɗin girma yakan ma yi yawa, IGF-1 da T3 ne ke raguwa, don haka allura ba ta magance masa komai. Rashin aidin shi ma yana hana girma, ya kawo maƙoƙo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar maikurogiram 150 na aidin a rana ga baligi da 250 ga mai juna biyu, kuma tun 1993 Najeriya ta ɗauki tsarin sanya aidin a gishirin da ake sayarwa.

Idan homon ya yi yawa

Cutar akuromegali, wadda likitan Faransa Pierre Marie ya raɗa wa suna a 1886, tana nuna abin da yawan homon ɗin girma na tsawon shekaru ke yi. Ƙari a fituwitari ne ke haddasa ta, hannaye da ƙafafu da haɓa su ƙara girma. Mafi yawan masu ita suna da kumburin tayiroid, sau da yawa mai ƙulle-ƙulle, kuma kumburin na ƙaruwa da daɗewar cutar. Shi ya sa ake shafa wuyansu a kai a kai, a yi hoton sikanin idan an ji ƙulli. Wannan ya bambanta da allurar da likita ke bayarwa, wadda manufarta ita ce mayar da IGF-1 iyakar da ta dace da shekarun mutum.

Amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba

A 1990 Daniel Rudman ya wallafa wani bincike a mujallar New England Journal of Medicine kan maza 12 da suka haura shekara 60, waɗanda suka yi wata shida suna karɓar allurar. Tsokarsu ta ƙaru, kitse ya ragu. Daga nan aka fara tallata shi a matsayin maganin tsufa, ko da yake binciken bai auna ƙarfi ko tsawon rai ba. 'Yan ɗaga ƙarfe da wasu 'yan wasa ma sun rungume shi. Kwamitin Olamfik na Duniya ya haramta shi a 1989, yana kuma cikin jerin haramtattun abubuwa na hukumar WADA.

Masu irin wannan amfani kan sha adadin da ya ninka na likita. Idan gwaji ya nuna musu T4 ya sauka, wasu sukan ƙara da ƙwayoyin T4 ko T3 da kansu. Ga mai lafiyayyen fituwitari wannan saukar ba cuta ba ce, ƙarin homon ɗin kuwa yana jawo bugun zuciya marar tsari, zaizayar ƙashi da narkewar tsokar da ake neman ginawa. Wannan ƙari ne a kan illolin homon ɗin girma kansa, wato kumburin ƙafa da hannu, ciwon gaɓoɓi, dindirisar yatsu da hauhawar sukari. Ga kuma haɗarin jabu, da lalacewar maganin idan bai zauna a firji ba, domin akasarin nau'o'insa suna buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 da 8 a ma'aunin Salshiyos.

Matakan da likitoci ke bi

Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin homon ta Amurka, Endocrine Society, ta fitar a 2011 da 2016, da na ƙungiyar tayiroid ta Turai na 2018, sun tafi a kan tsari ɗaya. Ana auna sakakken T4 da TSH kafin a fara allura, a gyara duk wani ƙaranci tukuna. Ana fara allurar da ƙaramin adadi, a wurin manya masu matsakaicin shekaru kimanin miligiram 0.2 zuwa 0.3 a rana, a riƙa ƙarawa bisa sakamakon IGF-1. Bayan mako shida zuwa takwas a sake auna sakakken T4, a maimaita duk lokacin da aka sauya adadi, sannan a koma bibiya duk wata shida zuwa shekara idan komai ya daidaita.

Idan ƙarancin ya tabbata, ba a dakatar da allurar, ana ƙara ƙwayar lebotayiroksin ne. Matsakaicin adadinta ga baligi shi ne maikurogiram 1.6 a kan kowane kilogiram na nauyin jiki a rana, tsofaffi da masu ciwon zuciya kuwa ana fara musu da ƙasa da haka. Burin shi ne sakakken T4 ya zauna daga tsakiyar iyakar lafiya zuwa samanta. Ana shan ƙwayar da ruwa kafin a ci komai, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, a raba ta da ƙwayoyin ƙarin jini da na kalsiyam da awa huɗu. Tunda T4 yana ɗaukar kimanin mako guda kafin rabinsa ya bar jini, ba a ganin cikakken tasirin sauyin adadi sai bayan makonni.

Mataki ɗaya ne ba a tsallakewa. Kafin a ba mai cutar fituwitari lebotayiroksin, sai an tabbatar da cewa ƙullutun adirenal da ke saman ƙoda yana samar da isasshen kotisol. Homon ɗin girma yana rage kotisol mai aiki a jiki, homon ɗin tayiroid kuma yana hanzarta ƙarewarsa. Idan akwai ɓoyayyen ƙarancin kotisol aka fara da maganin tayiroid, majinyaci na iya faɗawa cikin amai, faɗuwar hawan jini da suma, yanayin da kan kai ga rasa rai. Saboda haka kotisol ake fara gyarawa, sannan tayiroid, kuma wannan jeri na daga cikin dalilan da suka sa ƙa'idojin suka danƙa kulawa da maganin a hannun ƙwararren likitan homon.